Ni da Obin Ɗin Surukata

Duk abin da zan manta a duniya, ban da wata Asabar da aka kira ni gyaran obin, wato murhun gashi na lantarki, a gidan surukaina da ke Mabera. Har yau in na ji ƙamshin kek, sai in ji kunya ta taso mini sabuwa fil.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A unguwarmu Arkilla, da ofis, da gidan surukai, kowa Injiniya yake ce mini. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, na karanta lantarki, takardar ma tana nan rataye a falo. Sai dai tun da na kama aikin gwamnati, abin da hannuna ya sani shi ne biro da fayil. (Ko fankar ɗakinmu ce ta tsaya, sai na bari matata ta tafi unguwa sannan in kira mai gyara. In ta dawo ta tarar tana juyawa, in yi gyaran murya in ce ai ƙaramin aiki ne.)

Ranar ana bikin autar su matata, walima bayan la'asar. Rabi, mai bi wa matata, ita ta ɗauki alkawarin kek ɗin da za a raba wa baƙi. An ce a ba masu sana'ar su yi, ta rantse da hannunta za ta yi wa ƙanwarta. Wajen sha ɗaya na safe sai ga wayar matata.

"Baban Ummi, obin ɗin Hajiya ya ƙi. Da ya ɗau zahi kaɗan sai shi mutu, shina ta ƙara. Rabi ta kwaɓa komi, ta kusa kuka."

Na ce, "Kada kowa shi taɓa shi. Ga ni nan tahe."

Na kakkaɓe akwatin kayan aikina, na sa farar shaddata ta biki, na nufi Mabera. Ina shiga tsakar gida mata suka dare, ana cewa Injiniya ya iso. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

A nan sai na yi wa mai karatu bayanin Hajiya. Matata ce 'yar farinta, ni kuma surukin fari, don haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Shekara goma sha biyu ke nan, ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa mu. In durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa daga bayan labule, shi ke nan. Ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Ina sa ƙafa a kicin ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Na kunna obin. Ya ɗauki zafi na ɗan lokaci, sai ya yi ƙara ya ɗauke, wani harafi da lamba suka hau walƙiya a gilashinsa. Ban san ma'anarsu ba ko kaɗan. Na ciro waya kamar mai duba saƙon ofis, na juya baya, na nemo bidiyon wani Bature. Ya ce matsalar sensa ce, wato wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsire da ke cikin obin, shi ke gaya wa obin yawan zafin da ke ciki. Ya ce a auna shi da mita, ya faɗi lambar da lafiyayye ke nunawa in obin a kashe yake.

Na mayar da waya aljihu na juyo na karanta wa matan nan darasi, kai ka ce ni na ƙera obin ɗin. Ina cikin zuba sai Rabi ta dawo daga ɗakin Hajiya.

"Yaya Injiniya, Hajiya ta ce in ce maka, wai ka leƙa ƙarhen nan na ciki, ko ya jingina ga bangon obin."

Na yi murmushin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya. Na ce, "Ki ce ma Hajiya ta kwantar da hankalinta. Wanga ba aikin ido ba na, aikin mita na."

Na ja obin daga bango, na kwance bayansa. Watan Afrilu ne, a kicin mai taga ɗaya, ga tukwanen biki na huci a waje. Kafin in cire noti na huɗu shaddata ta manne mini a baya, hannun rigar ya sha baƙin maiƙo. (Sau biyu sukundireba ta kuɓuce ta faɗa ƙarƙashin kabad, sau biyu Injiniya yana rarrafe a gaban ƙawayen surukarsa.) Da ƙyar na kai ga wayar sensan na auna. Lambar da mita ta nuna ta zarce ta Bature sosai.

Na miƙe na share gumi na yanke hukunci: "Sensa ya mutu. Sai sabo."

Rabi ta dubi robobin kwaɓinta, ta dubi agogo, idonta ya ciko. Lokacin an fara kiran azahar. Ta sake cewa, "Amma Hajiya ta ce..." na ɗaga mata hannu. Na mayar da komai yadda yake, na ɗaure bayan obin, na ce a ba ni awa ɗaya. Na tarar motocin 'yan biki sun toshe tawa, dole na hau babur ɗin kabu-kabu cikin ranar nan.

Shago na uku a cikin gari na samu irin sensan, wurin wani dattijo mai gyaran kayan wuta. Don ya san ba da ɗan koyo yake magana ba, na ce sai na gwada. Na ɗora mita a kan sabon sensa. Lambar nan dai ta ɗazu ta fito, ba ragi ba ƙari. Na ce wannan ma matacce ne. Ya miƙo wani, shi ma haka. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi lambar da nake nema, na faɗa masa.

"Wanda yab ba ka lambar ga, ina shike zaune?"

Na ce, "Turai."

"To shi ɗakinshi sanyi garai. Nan Sakkwato cikin bazara, ƙarhe ya riga ya ɗau zahi tun ba a kunna wuta ba. Naka na gida lahiya lau shike."

Na sayi sensan duk da haka, don ba ni da fuskar komawa hannu biyu. A kan kabu-kabu na dinga shirya ƙaryar da zan yi, ina tunanin Rabi da kwaɓinta, ga la'asar ta gabato. Gaskiya hankalina ya tashi, domin ni na cinye mata awa uku.

Tun daga zaure ƙamshi ya tarbe ni. Na shiga na ga kek jere a kan tabarma yana shan iska, Rabi na fito da wani tiren, fuskarta fal dariya.

Na ce, "Wa yag gyara?"

"Hajiya. Kana hita tah hito da muciya, tat tura ƙarhen nan kaɗan yab bar bango. Babban tiren ga na maƙwabta shi ka danne shi, obin shi ɗauka wuta ta yi yawa shi kashe kainai. Ta ce kowace Salla haka shika yi mata."

"To mi yah hana ta yi tun da sahe?"

Rabi ta rage murya. "Kai kac ce kada kowa shi taɓa. Kuma ta ce ba ta gyara abu gaban surukinta, a ce ta hi shi sani."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Baiwar Allah nan ta zauna a ɗaki awa uku, ta san maganin abin, tana ji kek ɗin 'yarta zai lalace, don kawai kada ta kunyata ni a gaban mata. Ni kuwa na kunyata kaina ba tare da taimakon kowa ba. Na tsaya tsakar gida da maiƙo a riga da sensa a leda, mata kowa ta sunkuyar da kai, kafaɗu sai rawa suke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban gama farfaɗowa ba Rabi ta kawo mini kek a faranti, wai Hajiya ta ce na farkon fitowa ne, a ba wanda ya sha wahala, Allah shi yi albarka. Na je bakin ƙofarta na durƙusa na yi godiya. Daga bayan labule ta ce, "Sannu da aiki." Na rantse muryarta ba alamar dariya, kuma da ta yi dariyar da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in aka kira ni gyara, ba na fara buɗe akwati. Sai in tambayi wace ce ta fi daɗewa tana aiki da abin, in aika a ji me ta ce, in yi daidai yadda ta ce. Sau da yawa yana yi, kuma har yanzu ni ake yi wa godiya.