Ranar da Na Dirje Bindigar Surukina

Surukina ya fito da tsohuwar bindigar farautar mahaifinsa a gidansa da ke unguwar Woolwich a Turai, zai kai wa Bature mai gyara. Da ya shiga sallah, na ga ƙarfenta ya yi dabbare-dabbare. Ni da na shekara uku ina aikin wanke tukwane a unguwar Peckham? Na ɗauko soson ƙarfe, na dirje ta tas.

Ya fito, ya daɗe yana kallonta. Sai na ce:

"Baba, na cire tsatsar."

"Ba tsatsa ba ce," ya ce a hankali. "Adon maƙerin ne, ya girme ni."

Har yau in na yi sallama, ƙannen matata sai su ce, "Ku ɓoye Hajiya Kaka, ga mai kankare tsufa!"