Zabiyar da Ta Kutsa Cikin Jawabin Alhaji

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na haɗa wa Alhaji lasifika ba. Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tattara su tafi, ni kuma ina saurayi, ina facin keke a bakin tasha a Potiskum, ina ɗan taɓa gyaran tocila da garmaho. Tun ranar da na tayar da garmahon wani tela na fara jin kaina injiniya. (Allura kawai na canza masa.)

Alhajin nan dillalin shanu ne, asalin iyayensa Kano, kuma shi ne mahaifin Hajara, wadda nake mutuwar so. An riga an tsayar cewa ranar Juma'a kawunnaina za su je nema min aurenta. Damuwata ɗaya, bai ɗauke ni a bakin komai ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Wane ne? Au, mai facin nan ne." To, sai ga shi ya dawo daga aikin Hajji, aka shirya walima a ƙofar gidansa, aka aro lasifika wurin wani abokinsa domin kowa ya ji labarin Makka daga bakinsa. Wanda ya saba haɗa ta ya tafi Nangere biki. Na yi caraf na ce, "Baba, ai wannan aikina ne."

Kayan ba su da yawa: babban ƙaho, akwatin ƙara murya mai fitilu a ciki, sai makirfo. Wayar makirfon baƙa ce mai kauri, in ka fere ta za ka ga siririyar waya a tsakiya, an lulluɓe ta da saƙar jan ƙarfe kamar kitso. Tsawonta bai wuce gaba huɗu ba. Akwatin kuwa da batirin mota yake aiki, motar gyaɗar da za ta ba mu wuta ta kasa shiga lungun, ta tsaya a baki, kamar taki sittin daga dardumar Alhaji.

Direban motar, Kofur Madu, Bangizime ne, tsohon soja da ya yi aikin sigina, wato harkar wayoyin sadarwa, a yaƙin duniya. Ya dubi kayan ya ce, "Mai faci, ka kai akwati kusa da Alhaji, ni zan cire maka batir. Ƙaho ka ja masa ko wane waya, ba ruwansa. Amma wayan makirfo kar ka ƙara masa. Shi yana da riga."

Waya da riga! Na yi dariya na ce, "Haba Kofur, waya ai waya ce." Gaskiyar magana, ba na so a ce direba ne ya koya min aiki. Kuma (tunda yau ranar tonon asirin kai ce) bakin lungun nan ta nan mata ke wucewa da kwanukan abinci, ina so Hajara ta gan ni zaune ina murɗa maɓallai.

Sai na bar akwatin a bakin lungu kusa da motar, na ruga rumfata na kwaso tsofaffin wayoyi marasa riga, na murɗe su da ta makirfo, na naɗe mahaɗar da robar tayar keke. Don kada jama'a su yi tuntuɓe, sai na ɗaga wayar sama, na bi da ita kan rassan darbejiya, daga bishiya zuwa bishiya. Na ja baya na kalli aikina, har wani daɗi ya kama ni. Da na gwada na ji ƙaho yana ɗan gurnani, na ce injin ne bai gama ɗumi ba. Kofur ya jingina da motarsa yana cin goro.

Bayan la'asar wuri ya cika: fataken shanu, mahauta, Fulani, malamai, har da mutanen Danchuwa. Alhaji ya yi sallama, murya ta fita tangaran, mutane suka yi ta jinjina kai. Ya ba da labarin hanya, ya ba da labarin ɗawafi. Da ya iso tsayuwar Arfa muryarsa ta fara rawa, ya dakata yana share hawaye da bakin rawani. Wuri ya yi tsit.

A cikin shirun nan ne goge ya shigo.

Da fari siriri, kamar kukan sauro. Sai ƙwarya ta biyo baya. Sai muryar wata zabiya, zaƙwai, tana fitowa daga ƙahon da ke saman kan malamai. Alhaji ya dubi makirfo, ya dubi bayansa, ya daure ya ci gaba: "Jama'a, a filin nan babu sarki babu talaka…" Kafin ya rufe baki baiwar Allah ta rangaɗa guɗa.

Na yi wuf na dafe akwati. Na ce bari in ƙara wa Alhaji murya ya danne ta, na murɗa maɓalli har ƙarshe. Ashe ita na ƙara wa. Tsofaffin mata suka shiga salati, wai aljana ce a kan darbejiya. Mahauta na sunkuyar da kai kafaɗunsu na motsi. Wani dattijon Bafulatani ya ɗaga sanda ya tambaya, tsakaninsa da Allah, "Alhaji, wannan ma tsarabar Makka ce?"

Alhaji ya manta makirfo na bakinsa, ya ce, "Ina mai facin nan? Ku nemo min shi!" Har tasha an ji. Na ɗaga kai, sai ga Hajara tsaye da kwano a ka, ta toshe baki da mayafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kofur ya tako a hankali, ya fizge wayata, komai ya ɗauke. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Eriya ka rataya, ka kamo gidan rediyo. Rigan da ka raina, shi ke hana waya jin maganan waje." Ya ɗora batir a ka, ya kai akwati gaban Alhaji, kafin a sha ruwa ya gama. Alhaji ya ƙarasa jawabinsa lafiya. Ni kuwa kunya ta hana ni ko gudu, na tsaya har aka watse, na naɗe tabarmi.

Na roƙi kawunnaina kada su je, suka ƙi. Da suka dawo babban cikinsu ya ce suna ambaton sunana Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya zame, sannan ya ce, "Na ba shi. Ya yi abin kunya a gaban gari, amma bai gudu ba. Sharaɗina ɗaya, ranar ɗaurin aure hannunsa ya zauna a aljihu."

Haka kuwa aka yi. Kofur ne ya haɗa lasifikar aurena, ina zaune kamar baƙo. Tun daga nan na koyi cewa in mutum ya faɗa min abin da ban sani ba, in fara yin shiru kafin in yi dariya. Alhaji dai ya ba ni 'yarsa, amma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda na kunna masa rediyo ba.