Ranar da Na Tada Ƙauye da Gajeren Wando

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwa ta ƙara yi mini rowa fiye da yadda take yi yanzu, da safiyar da na tada ƙauye guda da gajeren wando. Ku natsu ku ji, domin mai ba ku labarin nan mutum ne mai ilimi (na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, kafin mushe, wato malaminmu, ya ce kaina ya cika, in tashi in ba wasu wuri).

Abin ya faro ne daga Lome. Ɗana Sani yana can yana sayar da kayan waya, shi ya aiko in je in huta. Hutu kuwa ban gan shi ba. Kullum da sassafe sai ya ja ni bakin teku, inda na ga abin da ban taɓa gani a ƙasarmu ta Adar ba: tsofaffi da furfurarsu, wasu da tumbi kamar tulu, suna ta gudu kan rairayi, ba mai korar su. Na tambayi Sani ko lafiya. Ya ce, "Baba, espor ne, motsa jini." Kafin in ankara ni ma na shiga sahu. Na yi gudu, na hau duwatsun da ruwa ke zubowa daga kansu, na shiga teku har gwiwa (nan ma da addu'a), na sha ruwan kwakwa har na kusa cin amanar fura. Wani tsohon ma'aikacin kwastan da muke gudu tare ya dafa kafaɗata ya ce da Faransanci ni shampiyon ne. Aji huɗu ya ishe ni in gane wannan.

Na dawo Tawa jikina sakayau, da takalman gudu da jan gajeren wando da Sani ya saya mini. Sai ga rediyo na shela za a yi gasar gudun kilomita goma, har da rukunin dattawa. Zuciyata ta buga kamar kalangu! A Lome ban taɓa kai rabin wannan ba, don haka dole in ƙara horo.

Matsalar ɗaya ce. Ni ake kira in gardama ta tashi a unguwarmu, ni ake turawa neman aure. Mutumin da ake durƙusawa a gaishe shi ba ya nuna ƙwaurinsa a titi. Uwargidana Rabi ta ɗaga wandon da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera, ta ce, "Malam, wanga na jikanka na ko naka?"

Na ce nawa ne.

"To in ka hita da shi, kada ka ce ka san ni."

Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Bayan sallar asuba in zura babbar riga a kan wandon, in fita bayan gari ta hanyar Barmu ina jan carbi, in na yi nisa in tuɓe rigar in cusa ta ƙarƙashin sabara, in faɗa daji. Ni da awaki kawai muka san sirrin, su kuma ba su da surutu irin na mutane.

A safiyar da nake ba ku labari, ƙafafuna suka ce yau yau ce. Na hango wani ƙaton gawo can nesa, na ce shi ne iyakata. Abin da ban lissafa ba, turbar da ke zuwa gawon ta ratsa wani ɗan ƙauye, daidai bakin rijiya. Kunya ta ce in koma, shampiyon ya ce in wuce da sauri ba wanda zai gane ni. Na bi shampiyon.

Wata mata ta saki guga ta ƙwala ihu: "Wayyo jama'a! Tsoho na gudu!"

Ban kula ba. Can sai na ji ƙafafu bayana, dif dif dif. Na waiga, samari ne, har da magidanta. Daɗi ya kashe ni. Na ce ashe wayewa ta iso Adar, ga shi ni na kawo ta! Na ɗaga musu hannu yadda muke yi a bakin teku, na ƙara mai. Wani dogon saurayi ya cim mini ya ce, "Baba, ina muka nuhwa?" Numfashin magana babu, sai na nuna gawo. Ya juya ya yi kururuwa, "Gawo! Ku tare gawo!" Suka wuce ni fuu kamar tsuntsaye. Har na ji haushi kaɗan, ɗalibai sun wuce malami tun ranar farko.

Sai wata dattijuwa ta zo gefena tana haki, da taɓarya a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah wadai! Har riga da wando sunka tuɓe mishi, 'yan banza!"

Nan ne idona ya buɗe. Na ga sanduna, na ga fartanya, wani har da gatari. Lome ta mantar da ni abin da kowane yaro ya sani a ƙasarmu: in ka ga dattijo da gudu ba a tambaya, sanda ake ɗauka. Balle dattijon da ba riga.

Kuma a gindin gawon, jama'a, akwai mutum. Bawan Allah ya zauna yana hutawa da raguna biyu da ƙunshin kaya. Ko ni da na san gaskiya, da na gan shi sai da na ɗan yi zarginsa.

Gudun da na yi daga nan zuwa gawo, da a gasa ne da yanzu hotona na rataye a wani ofis. Na iso sun kewaye shi, an riƙe masa wuyan riga, yana rantsuwa shi Idi ne mutumin Barmu, kasuwar Tawa zai kai ragunansa. An kwance ƙunshin, an zaro wata shuɗiyar riga. "Ga rigar tsoho! Sanya abinka, Baba!" Suka fara zura mini ita.

(In faɗa muku gaskiya, Shaiɗan ya raɗa mini: yi shiru, ka sami riga, ka tsira da mutuncinka. Rigar ma ta yi mini daidai.) Amma gatarin nan ya riga ya tashi sama.

Na rungume Idi, na tattaro sauran numfashina na ce, "Ku sake shi. Ba a sace mini komi ba."

"To mi ya koro ka?"

"Babu."

"Wa kaka bi?"

"Babu. Espor na. Motsa jini."

Har ragunan suka daina tauna. Mai taɓarya ta ce, "Na baro hatsina a turmi kaji na ci, don jininka shi motsa?" Ana cikin haka maigarin ya iso kan jaki, ya ƙura mini ido, ya dubi ƙwaurina, ya sake duban fuskata. Ya ce, "Subhanallahi. Ba kai na dattijon da yaz zo nema ma ɗan ƙanenai aure nan bara ba? Wanda yay yi muna wa'azi kan natsuwa?"

Ni ne.

Idi, Allah ya saka masa, ya bar mini aron rigar in koma da ita. Da zai tafi ya ce, "Baba, don Allah in za ka sake, ka bi hanyar Takanamat. Ni nan nika bi kullum."

Labari ya riga ni isa gida. Rabi ta kawo mini ruwa tana kallon bango, kafaɗunta na rawa don dariya.

Tunda asiri ya tonu, sai na ci gaba da horona a fili. Yara na tafi, mata na cewa, "Ku zamna, ba ɓarawo ba na, tsohon nan na." Gasar ma na shiga, na kuma ƙarasa, ko da yake na iso an fara kwashe kujeru.

To bayan gasar da kaɗan, wani ɗan iska ya kwance tunkiyar Rabi daga ƙofar gida da rana tsaka. Na bi shi da gudu ina ihu, "Ɓarawo! Ku tare!" Duk unguwa suka fito bakin ƙofa suna tafi: "Sannu da espor, Baba! Ƙara mai!" Mai shayi har ya miƙo mini ruwa.

Darasin da na koya, ku rubuta shi ku ajiye: gudun dattijo a Adar ƙararrawar gari ce, sau ɗaya ake kaɗa ta. Ni na kashe tawa a kan motsa jini, Rabi kuma ta biya da tunkiya.