Yanar Idon Haliru Gola

Adawiyya tana da shekara bakwai ta fara jin sunan kakanta. A gidansu na Zongo kowa Baba Alhaji yake ce masa, mahaifiyarta kuwa ko wani Halirun daban ba ta iya kiran sunansa don kunyar suruki. Sai wata Juma'a wani tsohon mahauci ya tsaya a ƙofar gida yana neman Haliru Gola, wanda ya tsare musu ragar ƙwallo a yashin bakin teku shekara goma sha ɗaya. Tun ranar ta riƙe sunan, tunda jika ce, tana da ikon jifansa da shi ba mai ce mata kanzil.

Yanzu ta gama sakandare, shi kuma yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Shekara biyu ke nan Adawiyya ce idonsa. Kullum bayan la'asar takan kunna talabijin, ta zauna gefen tabarmarsa tana faɗa masa abin da ake yi. An ba su ranar Alhamis a asibiti don a cire yanar, karo na uku ke nan, domin sau biyu tsohon yana wayar gari da zazzaɓin ƙarya. Likitar ta ce in aka ƙara jinkiri, aikin zai yi wuya.

Ranar Talata ta shigo ta zauna, ba ta kunna komai ba.

"Sannu da hutawa, Haliru, angon da ba ya cefane."

"Yawwa amarya. Tun daga lungu na ji takunki, kamar an saki jaki a kan kwano. Kunna mana."

Ta ce talabijin ta tafi yajin aiki sai bayan Alhamis. Ya ce ba a yi asarar komai ba. 'Yan ƙwallon yanzu iska in ta taɓa su sai su faɗi suna birgima, masu tsaron raga kuma sun sa safar hannu kamar za su sauke tukunya. Fim ɗin da ake juyawa da Faransanci, mace ɗaya ta yi kwana uku tana saukowa daga bene tana kuka. A zamaninsu, silima ba ta da rufi, Indiyawa na waƙa a bango, taurari na kallo tare da kai, kuma ba wanda ke mutuwa sai ya gama waƙarsa.

"To me ya sa kullum kake damuna in kunna?"

"Don kada ki zauna banza ki ƙara muni."

Ta yi murmushi, amma ba ta saki hanya ba. Ta gaya masa abin da ta daɗe tana ɓoyewa: rabin abin da take faɗa masa ƙarya ne. A wasan makon jiya sau huɗu aka zura wa golan ƙungiyarsa ƙwallo, ita kuwa ta ce ya tashi sama ya cafke uku. Matar benen ma ba ta koma wurin 'ya'yanta ba, ita ce ta mayar da ita.

Tsohon ya ci gaba da jan carbi, fuskarsa na kallon inda haske ke shigowa.

"Ido ne ya tafi, amarya, ba kunne ba. Kina tsammani ba na jin ihun gidan maƙwabcinmu Tchakoura in an ci mu?"

Ya ce ya sani tun farko. Amma in tana magana, shi ba talabijin yake gani ba. Yashi yake gani, da rana tana nutsewa a teku, da jiragen ruwa jere can nesa, da ƙwallo tana fitowa daga hazon ruwa kai tsaye zuwa ƙirjinsa, abokansa duka da ransu. In aka buɗe idon, me zai tarar? Akwati da 'yan birgima.

Adawiyya ta gyara zama.

"Ashe mahaucin nan ƙarya ya yi mini. Mutumin da ya tsaya gaban ƙafar mahauta da hannu tsirara, shi ne ke gudun likita mace mai hannu kamar auduga? Gobe zan bi layin mahauta in ce musu golansu ya bar raga ya gudu."

"Ba za ki yi ba."

"Da zemijan ma zan je, babur ɗin haya, don in yi sauri."

Dariya ta ƙwace masa har hularsa ta zame. Ya laluba aljihu, ya ɓare goro ya miƙa mata rabi, ya ce a goge masa farar rigarsa, ba zai je gaban wata mace da ƙazantar da amaryarsa ta bar shi a ciki ba.

Tana miƙewa ya kama bakin mayafinta. Roƙo ɗaya ya yi mata, kuma yana nan rubuce a littafin da take tara labaran gidansu.

"Ranar da za a cire bandejin, kada kowa ya kunna mini komai. Ki zo ki tsaya a gabana, kusa. Ina so in ga irin matar da aka cuce ni da ita."