Ga Daraktan da Ke Zaune a Wuyana Bai Aikin Komai

Zuwa ga Mai Girma Tayirod,
Daraktan Sashen Zafin Jiki da Kuzari,
Gaban Maƙogwaro, Ƙasan Haɓa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar ma'aikaciya ga na sama da ita, ina fatan kumburin nan naka yana saɓewa. Ni ce Hansatu, mai buga tafireta a ma'aikatarmu da aka kwaso daga Legas zuwa Abuja bana. Wallahi ban san da zamanka ba sai da likita ya latsa wuyana na yi ƙara, ya ce ai kai ne, ɗan naman nan na gaban wuya da ake kira tayirod. Ashe tun haihuwata kake riƙe da ofis.

Na ɗaya. Da muka sauka na yi 'yar mura, ta wuce. Kai kuma sai ka kumbura, ka buɗe sito ka watsar da kayan aikin shekara a 'yan makonni. Zuciya na dukan tara-tara, gumi har cikin takalmi, ina ci kamar gara ina ramewa. Hannuna na rawa, amma ina buga takarda kafin oga Zacharias ya gama tunanin abin da zai ce. Ganin haka ya haɗa mini aikin mata uku da suka ƙi barin Legas, ya ce ga irin ma'aikaciyar da sabon birni ke nema. Wa ya aike ka, ranka ya daɗe?

Na biyu. Da sito ya ƙare sai ka kulle ofis, ko sallama babu. Yanzu ni ce da rigar sanyi a tsakiyar kasuwar Wuse da rana tsaka. Fuska ta kumbura, gashi na bin mataji. Abokiyar aikina Rosemary ta ce Abuja ta karɓe ni, har tana tambayar me nake ci. Ran nan na yi barci a motar Nyanya, direba ya kai ni ya dawo da ni, ya sake kai ni. Washegari na kifa goshi kan tafireta, harafi ɗaya ya cika rabin wasiƙar da za a kai wa babban sakatare.

Na uku. Likita ya naɗa maka muƙaddashiya, wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Tana ƙoƙari, ban raina mata ba. Sai dai iyayi! Ba ta shiga ciki sai ta tarar babu kowa, ita da ruwa kawai, koko da ƙosai su tsaya a waje har ta gama zama. Ko minista bai kori karin kumallo ba.

Likita ya ce ciwonka na wucin gadi ne. Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar gwamnati ce. Ofishinmu na wucin gadi ne, motarmu ta wucin gadi ce, na ga mai riƙon ƙwarya da ya yi ritaya a kan kujerar. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ran Litinin likita zai janye ƙwayar, ya jira 'yan makonni ya auna jini, ya ga ko ka koma bakin aiki. A daidai lokacin oga ya ba ni wa'adi: ko in dawo Hansatun da ya gani da farko, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, ko in ajiye mabuɗi. Ɗakin da nake kwana da 'ya'yana biyu a Nyanya na ma'aikata ne. Tsoro nake ji, ba wasa ba.

Ban ce ka yi bajinta ba, don Allah kada ma ka sake. Ka zo, ka zauna, ka yi ɗan abin da ya sawwaƙa kamar kowane darakta. In kuwa ka ƙi, ka tuna inda kake haya. Ranar da aka fitar da tabarmata titi, a wuyana za ka kwana a tashar Nyanya.

Taka mai biyayya, mai ɗauke da kai ko'ina ba tare da alawus ba,

Hansatu Mika'ilu,
Ɗakin Tafireta, Abuja.