Mai Hoton Fure

Goggona mai yajin daddawa a Ƙaura ta sa ni bibiyar abin da mata ke faɗa kan yajinta a Fesbuk, tunda ni ba baki, sai ido. Nan na lura da wata mai hoton fure, kullum tambayarta me ake sawa, ina ake daka. Na ce lallai masu gasa da mu ne suka turo ta leƙen asiri. Cikin taƙama na rubuta mata, "Mun gano ki," na toshe ta.

Ashe wata Hajiya ce daga Shinkafi, tana shirin sarin yajin buhu-buhu. Ta koma wurin maƙwabciyarmu, ita ma mai yaji.

Har yau in baƙo ya yi sallama, sai Goggo ta ce, "Sufeto, taho ki bincika muna shi kahin a ba shi ruwa."