Hatimin Bona da Saƙon da Ya Ƙi Tafiya

Matso ka zauna, ka ji yadda aka kwashe a Paraku ta ƙasar Benin wata ranar Juma'a. Bona, shugabar ƙungiyar mata masu man kaɗanya, tana da takardun da wani mai saye a ƙasar waje yake jira kafin ƙarfe huɗu, in ba su isa ba zai ba wasu cinikin. Sau shida tana tura imel yana dawowa. Sai ta kira taubashinta Woru, wanda ya haɗa musu na'urar aika saƙon.

"Lafiya lau muke, ban da ganinka," ta ce, tun bai kafe babur ba. "Bawana, saƙo ka haɗa mana ko kazar gida, da an kora ta dawo?"

"Sannu mai ƙaton kai. Can ne ba su san ki ba."

"Ni? Shekara uku suna shafa maina!"

"Ba mutanen ba, na'urarsu. In saƙonki ya isa, sai ta dubi lambar layin da ya fito, ta tambaya lambar nan ta wace ce. Shi ake kira DNS na baya."

"Au, har da na gaba?"

"Na gaba daga suna yake kai ka ga lamba. Na baya daga lamba yake komawa suna. Sai sun yi daidai a karɓa."

Bona ta dafe goshi. "To lambar tamu wa ta ambata?"

Woru ya latsa, ya nuna mata. "Wani otal a Kwatano."

"Otal! Ni da jikoki biyu ka kai sunana otal?"

"Ba a kai ki ko'ina ba, su suka riƙe lambar kafin ku."

"To goge su mana."

Ya sosa ƙeya. "Tun Laraba nake gogewa. Ashe kamfanin da ya ba ku layin ne kaɗai ke iya sauyawa."

"Wato kwana uku kana wanke rigar da ba ita ta yi datti ba?"

"Sun ce sai an kawo wasiƙa daga shugaba. Na ce ai ni ne shugaban."

"Suka ce?"

"Suka ce ina hatimi."

Ita dai ba ta gane na gaba ba balle na baya, amma hatimi ta san shi. Ta kwance bakin zani ta fito da shi, ta ɗaga sama.

"Faɗa da bakinka, wa ke sama da wa?"

"Bona, sai uku suke dawowa daga hutun rana, lokaci na tafiya!"

"Ina jinka."

Ya kwashe da dariya. "Na yarda, ke ce uwar ɗakina, har kakanninki."

Ya miƙo wasiƙar da ya rubuta, ta buga hatimin a kai, ta kama hannunsa ta ƙara buga ɗaya. "Don kada ka ɓata a hanya."

Woru ya kai wa kamfanin wasiƙar, suka gyara sunan, ya komo. Huɗu saura kwata saƙo ya tafi, bai dawo ba. Bona ta tura masa kwanon sakwara da cuku soyayye, yana ci suna musu. To kai da ka saurara, wa ya aika saƙon nan, mai na'ura ko mai hatimi?